Zauren Tambaya: Ɗana zai hau dutsen ƙanƙara a watan Afrilu, in bar shi?

Assalamu alaikum masu karatu. Wasiƙu huɗu na ware a wannan fitowa, dukkansu a kan dusar ƙanƙara. Ba ta sauka a ƙasarmu, amma 'ya'yanmu da ƙannenmu da ke karatu a Turkiyya da Rasha da sauran ƙasashen sanyi a cikinta suke kwana suke tashi, iyaye kuma a nan gida hankalinsu na can. Wasiƙar farko za ta ci wuri fiye da sauran, domin lafiyar yaro ke ciki.

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Ina da yaro yana karatun injiniya a garin Kayseri, ƙasar Turkiyya, shekararshi ta biyu ke nan. Da munka yi waya ranar Juma'a ya ce shi da abokanshi za su hau wani dutse kusa da garin su yi wasan zamiya bisa ƙanƙara cikin watan Afrilu, wai lokacin ya fi arha kuma sanyi ya rage. Ni dai hankalina bai kwanta ba. Yaron ga ko sanyin hunturunmu na nan bai iya ɗauka, sai mura da ciwon gaɓoɓi. Babanshi ya ce in ƙyale shi, namiji ne. An ce ka zauna ƙasar. Don Allah in hana shi ko in bar shi?
Wata Hajiya, daga Jega

AMSA: Hajiya, Allah ya raya miki shi, ya gama karatun lafiya ya dawo ya amfane mu. Na yi karatu a Erzurum, can gabashin ƙasar, garin da ya fi Kayseri sanyi nesa ba kusa ba. Dutsen Palandoken yana bisa kan garin, daga tagar ɗakin kwananmu muna hango fitilun hanyoyin zamiyarsa da dare, kuma na hau shi cikin tsakiyar hunturu, na hau shi a ƙarshensa. Abin da zan faɗa miki na gani ne.

Kafin mu kai ga dutsen, abu ɗaya a wasiƙarki ya tsayar da ni, ciwon gaɓoɓin nan da kika ce yana yi lokacin sanyi. An taɓa yi masa gwajin jini kuwa, wanda ake cewa AA ko AS ko SS? In ba a yi ba, wannan ne sharaɗinki na farko: ya je asibiti a yi masa kafin ya sa ƙafa a mota. Dutsen da yake nufi sunansa Erjiyes, kilomita 25 ne daga gari, ƙololuwarsa mita 3,917 daga doron teku. Inda motoci ke sauke masu wasa ma ya kai kimanin mita 2,200, kujerun da ke ɗaukar mutane a kan igiyar ƙarfe kuma suna kai su sama da mita 3,300. A can sama, duk numfashin da mutum ya ja, iskar oksijin da ke shiga jininsa ba ta kai wadda yake samu a ƙasa ba. Ga sanyi, ga wahalar jiki, ga ƙishirwar da ba a jin ta sai jiki ya bushe. Waɗannan su ne ainihin abubuwan da ke tayar da ciwon sikila. Mai SS ba shi da abin yi a wannan tsayi, da ɗana ne ko shawara ba zan tsaya yi ba. Mai AS, wanda a gida lafiyarsa lau har ƙwallo yake bugawa, shi ma likitoci sun san tsayi irin wannan kan sa jini ya toshe masa a saifa. Alamarta ciwo ne mai tsanani a gefen ciki na hagu, ƙarƙashin haƙarƙari, wani lokaci ya harba har kafaɗa. Ba kowa ke samu ba, mafi yawa suna hawa su sauko lafiya. Amma wanda ya ji wannan ciwo ya sauko nan take, ya nufi asibiti, ya buɗe baki ya ce wa likita shi AS ne, domin likitan da ke tsakiyar Turkiyya ba lallai tunaninsa ya fara zuwa nan ba. Kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Najeriya AS ne, ke nan a cikin ayarin abokan nasa ma da wuya a rasa. Ki ce ya gaya musu.

To, mu ce jini ya fito AA. Tsoronki sanyi ne, kuma da a Janairu zai tafi da na taya ki. A Afrilu kuwa rana ce abin lura. Sanyin dai yana nan: duk mita 1,000 da aka hau, zafi kan ragu da kimanin digiri 6 da rabi. Kayseri tana wajen mita 1,050, don haka in cikin gari ana digiri 15 mutane na yawo da riga mai sauƙi, inda kujera ta ƙarshe ke saukewa ana dab da sifili. Riga uku a jere sun ishe shi, ta ciki mai tsotse gumi, ta tsakiya ta ulu, ta waje mai hana ruwa da iska, sai safar hannu wadda ruwa ba ya ratsawa. Kada ya sa wandon jins, yana jiƙewa ya ƙi bushewa. Maganar sanyi ke nan, ba ta da yawa.

Mai yawan ita ce yadda dusar kanta ke sauya hali cikin yini ɗaya. A tsakiyar hunturu busasshiya ce mai laushi, yadda ka same ta da safe kusan haka za ka bar ta da yamma. Daga ƙarshen Maris rana ta ɗaga, yini ya yi tsawo, sai samanta ya riƙa narkewa da rana, ruwan ya tsiyaya tsakanin ƙwayoyinta, dare ya yi ya sake daskarar da shi. Yau haka, gobe haka, har ƙananan ƙwayoyin su haɗe su zama manya-manya kamar tsakin masara. Wannan ita ɗanki zai taka.

Da sassafe a daskare take, ta yi tauri, ana jin ƙarar allunan zamiya, dogayen allunan nan biyu da ake ɗaurawa a ƙafa, a kanta tun daga nesa. Bakin allo ba ya cizon ta sai a ƙafar gwani. Sabon shiga in ya faɗi ba ya tsayawa inda ya faɗi, sulalewa zai yi ta yi har sai wani abu ya tare shi. Da hantsi ya dubi ludayi, wajen ƙarfe 10, sai saman ya yi laushi misalin kaurin yatsa biyu, ƙasan kuma yana nan da ƙarfinsa. Wannan sa'ar masu wasan ke jira tun farkon hunturu. Allo yana juyawa ba gardama, faɗuwa ba ta da zafi, rana na dukan bayanka, garin duk yana shimfiɗe a ƙasanka. Babu lokacin da ya fi shi daɗin koyo, kuma ni ina son 'ya'yanmu su ɗanɗana shi, kada su yi shekaru a gindin dutse su dawo ba su san abin da ke kansa ba. Sai dai ba ya daɗewa. Bayan azahar narkewar ta yi zurfi, dusar ta zama caɓi mai nauyi, tana kama allo ta riƙe alhali jikin mutum na ci gaba da tafiya. A nan gwiwa ke murɗewa. Tsinkewar jijiyar cikin gwiwa na daga raunukan da aka fi samu a wannan wasa, jinyarta watanni ce, sau da yawa har da tiyata. Kuma daidai lokacin ne ƙafa ta gaji, yaro yana cewa bari in ƙara sauka ɗaya tunda na biya kuɗin yini.

Don haka ki ba shi agogo mai sauƙi: ya fara da hantsi, in an kira azahar ya cire allunan. A Kayseri cikin Afrilu ana kiran azahar wajen ƙarfe ɗaya saura kwata, kusan daidai lokacin da dusar ƙasa-ƙasa ke fara lalacewa. Gangaren da ke kallon gabas shi ke fara laushi, shi ke fara lalacewa, sai na kudu, sai na yamma. Na arewa, da rana ba ta cika dukansa ba, kan yini da taurinsa. Ma'aikatan wurin sun san wanne ne wanne, ya tambaye su.

Gaskiyarsa ce a kan arha. Ƙarshen kakar wasan, masauki da hayar kaya kan sauko, layi kuma ya ragu. Amma kada lambar zurfin dusa da suke bugawa a intanet ta ruɗe shi. Sau da yawa ma'aunin can sama ne, inda sabon shiga ba zai je ba, a ƙasa kuwa, filin masu koyo, ƙila ciyawa da tsakuwa sun fara leƙowa. Tambayar da ta fi wannan amfani ita ce, jiya da dare dusar ta daskare? Daren da sama ta yi garau zafin ƙasa yana tserewa, dusa ta ƙame, washegari a samu safiya mai kyau. Daren da gajimare ya rufe, ko aka yi ruwan sama, ba ta ƙamewa, tun ƙarfe 9 za a same ta caɓal. Irin wannan rana gara su sha shayi su koma ɗaki. Ya kuma duba maganar iska, domin Erjiyes dutse ne da ya tsaya shi kaɗai ba abin da ya kare shi, in iska ta taso akan tsayar da kujerun sama.

Sai ido. Wannan nakan nanata shi ga duk ɗan gidanmu da zai je, saboda muna da wata yarda cewa mu da muka tashi cikin ranar Kebbi babu ranar da za ta ba mu tsoro. A kan dusa, rana daga sama da ƙasa take zuwa. Sabuwar dusa kan mayar da har kashi 80 cikin 100 na hasken nan mai ƙuna wanda ido ba ya gani, ƙarfinsa kuma yana ƙaruwa da kusan kashi 10 cikin 100 a duk mita 1,000 na tsayi. Baƙar fata tana da ɗan kariya, ido kuwa ba ruwansa da launin fata. Akwai wani ɗan Sudan da muka zauna ɓangare ɗaya da shi, ya yini a Palandoken cikin Afrilu ba tabarau, ya sauko yana dariya lafiya ƙalau. Cikin dare muka ji kuka. Idanun sun yi jawur, hawaye na zuba, ya kasa buɗe su, yana cewa yashi ne a ciki. Haka abin yake, ba ya nuna kansa sai bayan awa 6 zuwa 12. Ya warke cikin kwana biyu a ɗaki mai duhu, yawanci haka ake warkewa, amma azabar ba ta faɗuwa. Tabarau ɗin kuma ya zama wanda aka yi don tare wannan haske. Baƙin gilashin ado na bakin titi ya fi rashinsa illa, yana sa ƙwayar ido ta buɗe, hasken ya shiga da yawa. Ko rana ta ɓuya a sa shi, hasken na ratsa gajimare. A shafa man kariya daga rana a hanci da leɓe da ƙasan haɓa, inda hasken ƙasa ke bugu.

Na bar mai kisan zuwa ƙarshe, zaftarewar dusa. Turkawa sun san ta sarai. Cikin Fabrairun 2020, a yankin Bahcesaray na lardin Van, dusa ta zaftare ta binne wata ƙaramar bas. Washegari ana cikin tono sai ta biyu ta sauko a kan masu ceton. Mutum fiye da 40 suka rasu, da yawansu waɗanda suka zo taimako ne. Allah ya jiƙan su. Waccan ta tsakiyar hunturu ce. Ta ƙarshen hunturu jiƙaƙƙiya ce: ruwan narkewa ya ratsa har ƙasa, ya raba dusar da abin da take kwance a kai, sai gangaren gaba ɗaya ya taho. Ba ta kai busasshiyar gudu ba, amma nauyinta ya ninka na sabuwar dusa sau uku ko huɗu, in ta tsaya kuma sai ta ƙame, wanda ke ciki ko yatsa ba zai motsa ba. Mafi yawan waɗanda aka tono cikin minti 15 na farko suna rayuwa, in an wuce rabin awa mafi yawa sun shaƙe. Ta fi faruwa a gangare mai karkatar digiri 30 zuwa 45, ta fi faruwa bayan azahar, ta fi faruwa a ranar da dare bai daskarar da dusar ba. Alamunta a fili suke: ƙafa tana nutsewa har ƙwauri, ƙananan dunƙulen dusa suna gangarowa da kansu daga gindin duwatsu.

Ga abin da zai kwantar miki da hankali. Hanyoyin da aka shata wa masu wasa, ma'aikata na duba su kullum, motoci na daddale su da dare, in akwai haɗari a rufe su. Jandarmomi masu aikin ceto suna sintiri a kansu, lambar gaggawa a ƙasar kuma 112 ce. Mafi yawan waɗanda zaftarewa ke ci, waɗanda suka tsallake igiyar iyaka ne suka fita daga hanya. Yaranmu kuwa ba neman gwaninta ke fitar da su ba, hoto ne. Ya hango wuri fari fat ba sawun kowa, ya ce wa abokinsa riƙe min waya. Wannan shi ne abin da za ki sa ya yi miki alkawari a kai, da bakinsa, ba ta saƙon waya ba.

Saura ƙanana ne. Ya biya mai koyarwa na awa biyu a ranar farko, kada ya dogara da abokin da ya riga shi zuwa da mako ɗaya. Hanyoyin suna da launi, shuɗiya ita ce mai sauƙi, ja ta matsakaita, baƙa ta gwanaye, shi nasa filin koyo ne da shuɗiya. Ya sa hular kwano. Wajen hayar kaya za su tambaye shi nauyinsa da gwanintarsa, ya faɗi gaskiya, domin da wannan suke saita maƙalar da ke sakin takalmi in an faɗi, wanda ya ce shi gwani ne sai a ɗaure masa tam, allo ya ƙi fita, gwiwa ta biya. Ya sha ruwa ko ba ya jin ƙishi. Ya tambaya ko inshorar lafiyarsa ta ɗalibi ta shafi raunin wasa.

Amsata, Hajiya, ki bar shi ya je, in gwajin jini ya yi kyau kuma ya karɓi sharuɗɗan nan. In kika hana kai tsaye, tsorona ya tafi ba ki sani ba, ba tabarau, ba agogo, ba alkawari. Ki kuma gaishe min da Alhaji, ki ce na ce yana da gaskiya da ya so yaro ya ga duniya, amma maganar gwajin jinin nan shi ya kamata ya ɗauki waya ya faɗa masa, yaro ya fi jin ta daga bakin uba.

TAMBAYA: Malam, ni ɗalibin sakandare ne, lokacin azumi nakan taya yayana sayar da ƙanƙara a bakin kasuwa. Ko mun rufe ta da buhu da dusar katako, kafin la'asar rabi ta zama ruwa. To yaya aka yi muke ganin bidiyon mutane suna wasa bisa ƙanƙara rana na haske, wasu har sun tuɓe riga? Me ya hana ta narkewa?
Wani ɗalibi, daga Birnin Kebbi

AMSA: Ɗana, tambayarka ta mai lura ce, Allah ya ƙara basira. Tana narkewa, sai dai a hankali, kuma abubuwa da dama ne suka taru suke jinkirta ta.

Fara da launi. Sabuwar dusa tana mayar da kashi 80 zuwa 90 cikin 100 na hasken da ya sauka a kanta, ɗan kaɗan ne ke shiga ya zama zafi. Mutumin da ka gani ya tuɓe riga, jikinsa yana shan hasken sama da na ƙasa shi ya sa yake jin ɗumi, amma iskar da ke kewaye da shi ƙila digiri 3 ko 5 ce. Taku ƙanƙarar kuwa iskar da ta haura digiri 40 ke kaɗa ta.

Sai yawa. Narkar da ƙanƙara na cin zafi fiye da yadda ake zato. Zafin da zai narkar da kilo ɗaya, ya mayar da shi ruwa mai sanyin sifili kawai, shi ne zai ɗaga kilo ɗaya na ruwa daga sifili zuwa digiri 80. A kan dutse, dusar ƙarshen hunturu mai zurfin mita ɗaya tana ɗauke da ruwan da ya kai duro biyu a kan kowace murabba'in mita, ka lissafa dutse guda. Rana ta ci 'yan santimita da yini, dare ya zo ya tsayar da aikin, da safe sai ta fara kashe sanyin daren kafin ta ci gaba. A hanyoyin wasa kuma motoci sun danne dusar ta yi ƙarfi, an kuma ƙara mata wadda ake yi da inji, ana fesa ruwa cikin iska a daren da sanyi ya sauka ƙasa da sifili. Ta inji ta fi ta sama nauyi da jimiri, shi ya sa a Afrilu za ka ga farin layi ɗaya yana saukowa tsakanin ciyawa.

Abin da ke saurin kashe ta datti ne. Da ta yi duhu sai ta fara shan rana. Saharar da ke aiko mana da ƙura lokacin hunturu, in iska ta juya arewa tana aika musu su ma. Cikin Maris na 2022 ƙurar Sahara ta tsallaka teku ta sauka a kan duwatsun Sifen da Faransa da Suwizalan, dusar ta koma launin jar ƙasa, kuma irin wannan dusa tana riga farar dusa narkewa.

Dabarar yayanka ma suna yin ta. A garin Dabos na Suwizalan suna tara tulin dusa a ƙarshen hunturu, su lulluɓe shi da dusar katako mai kauri, ya ƙetare watannin zafi, mafi yawansa ya kai har kaka, su baje shi su buɗe hanyar wasa tun sama ba ta saukar da sabuwa ba. Ka gaya masa ya ƙara kaurin dusar katakon, ya haɗa ƙanƙarar wuri ɗaya maimakon rarraba ta, ya ɗaga ta daga ƙasa yadda ruwan da ya narke zai tsiyaye, kada ta zauna a cikinsa.

TAMBAYA: Ƙanena yana karatu a ƙasar Rasha, ya ce wani lokaci in sun fita bayan gari ba ruwa sai dusar ƙanƙara. Ana alwala da ita? Kuma mai azumi zai iya fita irin wannan wasa?
Wani malamin makarantar allo, daga Argungu

AMSA: Allah gafarta Malam, a wannan fage ni ɗalibinku ne, zan faɗi abin da muka karanta a zaure kawai. Malaman mazhabarmu sun yi maganar tun da daɗewa. A farkon Muhtasar, inda Shaihu Halil ke bayanin ruwa mai tsarkakewa, ya sa har wanda ya narke bayan daskarewarsa. Ke nan in an narkar da dusa ta zama ruwa mai gudana a kan gaɓa, alwala ta yi. A babin taimama ma ya lissafa dusar ƙanƙara cikin abin da ake taimama a kai. Kuma ta zo a addu'ar Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, inda yake roƙon a wanke zunubi da ruwa da dusar ƙanƙara da ƙanƙarar sama, hadisin yana cikin Buhari da Muslim.

Abin da zan ƙara na jiki ne. Jiƙaƙƙen hannu a cikin iska mai sanyin ƙasa da sifili yana iya daskarewa cikin ɗan lokaci, yatsu su yi fari su daina ji. Ya riƙa yin alwala a ɗaki kafin ya fita, ya goge gaɓoɓin sarai kafin ya sa safa. Ya ɗauki ruwan ɗumi a filas. Kada ya ci dusa don kashe ƙishi, jiki ke biyan zafin narkar da ita. Maganar azumi kuwa, wannan wasa yana fitar da gumi sosai, busasshiyar iskar dutse kuma tana janye ruwan jiki ta numfashi, mai azumi jiri kan ɗebe shi a kan gangare. Wasa ba uzurin ajiye azumi ba ne, wasan za a ɗage zuwa bayan salla.

TAMBAYA: Nakan je Dubai da Alƙahira da Maroko sayayya. Ina son in kai yara su ga dusar ƙanƙara da idonsu ba sai mun nemi bizar Turai ba. Akwai ta a Afirka? Hutun Afrilu zai yi?
Wani ɗan kasuwa, daga Yauri

AMSA: Alhaji, akwai ta, amma Afrilu ya faɗo tsakanin kaka biyu. A Maroko akwai Ukaimedan, kimanin kilomita 75 daga Marakesh, a duwatsun Atlas, ƙauyen yana wajen mita 2,600, kujerar igiya na kai wa sama da 3,200. Lokacinsa Janairu zuwa farkon Maris ne, kuma shekarun nan na fari dusar ba ta da tabbas, wata shekara ta zo da kyau, wata da ƙyar a samu 'yan makonni. Cikin Afrilu yara za su hango ta fari a ƙololuwar duwatsu daga cikin Marakesh, amma filin wasan galibi ya bushe. A kudu kuma akwai Afriski a ƙasar Lesoto, sama da mita 3,000, su hunturunsu Yuni zuwa Agusta ne, yawancin dusarsu ta inji ce. Wannan zai dace da dogon hutun yara. A gida babu: dutsenmu mafi tsayi, Chappal Waddi a jihar Taraba, mita 2,419 ne, kuma kusancinmu da tsakiyar duniya bai bar wannan tsayi ya isa ba. Duk da haka Najeriya ta shiga gasar Olamfik ta hunturu a 2018 a Koriya ta Kudu, mata huɗu suka wakilce mu, a 2022 kuma Samuel Ikpefan ya yi mana tseren zamiya a Beijin, ka ba yaran wannan labari.

In dole sai Afrilu, hanyar kasuwancinka ta riga ta biya ta wurin. A Dubai akwai Ski Dubai, cikin babban kantin Mall of the Emirates, tun 2005, a Alƙahira kuma akwai Ski Egypt tun 2017. Dusar inji ce a cikin gini, sanyin ƙasa da sifili dare da rana, suna ba da hayar riga da takalmi a ƙofa. Babu tsayi, babu rana mai ƙuna, babu zaftarewa, ga ƙananan yara ma ya fi dutse dacewa. Ka dai tafi musu da safar hannu da hula mai rufe kunne, ka riƙa fito da su suna shan abu mai ɗumi, in kuma akwai mai sikila a cikinsu ya tsaya ta bayan gilashi ya kalla, domin sanyin kaɗai ya isa ya tayar masa da ciwo.